Tarin Baba a Kaset

Malam mai karanta wasiƙu a rediyo, sannu da aiki. Sunana Ladi, ina zaune a Catford, a ƙasar waje, gwamnati ce ta turo ni karatun jinya.

Wata Asabar da rana muka yi addu'ar zumuntar mata a flat ɗina, mu shida, ba namiji ko ɗaya. Na ɗauka a kaset na aika wa Mama, don ta san ban yar da ibada ba. Sai ta maido da shi da wasiƙa: "Na ji babanki. Ki aiko wani."

Baba mai bishara ne, bara muka binne shi. Kullum sai ya yi tari sau biyu kafin ya ce amin. Na kunna kaset ɗin. A cikinsa, ina rufe addu'ata, ga tarin nan, sannan amin, dab da muryata.

Fastonmu ya saurara, ya ce, "Matattu ba sa dawowa, 'yar'uwa. Mugun ruhu ne, ki ƙona shi."

Jama'a, ku ba ni shawara. Na yarda da Fasto, har na sayo ashana. Amma jibi Asabar, matan za su zo, kuma Mama tana jiran wani kaset.