Fili Don Kare

A bakin wani shago a unguwar Bani Malik, can ƙasa mai tsarki, na ji su, wata tsohuwa da wani mutum riƙe da igiyar farin kare.

"Ɗan nan, ja shi can!"

"Yi haƙuri Hajiya, na maigidana ne. Kullum a kulle yake wuni. Da za a kewaye musu fili a unguwa, a kwance igiya su yi gudu, halas, shi ke nan."

"Fili don kare? Kai ina ribarka?"

"Ni ma in samu wurin zama mana. Mai kare ba a tare shi a tambayi iƙama, takardar izinin zama."

"Au, taka ta mutu ke nan?"

Ya waiga titi, ya ƙara naɗe igiyar a hannu.

"Yalla, mu tafi," ya ce wa karen.