Damin Geron Iya Tambai

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena da 'yan'uwana.

Shekara uku zumuntar mata tana kai ni filin bishara, shekara uku tukunya ake ba ni. Wasu su riƙe Littafi su yi wa'azi, ni Saratu in riƙe muciya. Abin ya ci mini rai, ba zan tsaya a nan in ce bai ci ba. Mama Rifkatu, uwar zumuntarmu, ga ki nan zaune, kin san a gaban idonki na faɗa miki.

Dalilin ɗaya ne, ban iya karatu ba. A gidanmu can Kudancin Kaduna maza kaɗai aka sa a makaranta. Sai da na haura arba'in, a nan Katsina, na shiga ajin yaƙi da jahilci wajen Ƙofar Sauri. Da safe in soya ƙosai, da yamma in zauna kan benci da fensir. Ranar da na karanta layi guda ni kaɗai, kuka na yi. Amma tare da karatun nan girman kai ya shige ni. Ni da jiya-jiya nake dangwala yatsa a takarda, na koma ina yi wa marasa karatu kallon raini.

Kun san ƙauyen da ikilisiyarmu ta aika mai bishara Malam Ishaya. Shekara huɗu bawan Allah nan yana noma tare da mutanen, yana zuwa sunansu da makokinsu, ba wanda ya ba da gaskiya. Sai bara Ubangiji ya buɗe ƙofa. Mutane suka riƙa zuwa gida-gida, wasu na kawo layunsu da kansu a ƙona. Ɗakin sujada ya yi kaɗan, aka koma gindin tsamiya.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Iya Tambai. Tun tana budurwa take bautar Uwar Gona, aljanar da suka ce ita ke ba da amfani. Da ta karɓi Yesu, matan 'ya'yanta duka suka biyo ta.

Da kaka ta yi muka je, aka ce a karo na farko ni zan ja sujadar mata. Na ɗaura zanen zumunta, na sa tabarau, na rungume Littafi yadda kowa zai gani. Muna cikin waƙa sai ga Iya Tambai da damin gero a ka, tana tafe tana haki. Ta sauke shi a gabana, fuskarta cike da murna.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga shi ne na farin da aka yanka a gonata. Da Uwar Gona nike kai ma. Bana na Yesu ne."

Ni Uwar Gona kawai kunnena ya ji. Na daka mata tsawa. Na ce, "Iya, nan ba gidan tsafi ba ne! Yesu ba dodo ba ne da za ki kawo masa gero. Kwashe kayanki! Da kin iya karatu da ba ki yi wannan jahilcin ba."

Masu kiɗan tulu suka tsaya. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Mi na yi, ɗiyata?" Ta sunkuya, ba wadda ta taya ta, ta ɗora daminta a ka ta juya. Matan gidanta suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi ta.

Malam Ishaya yana wajen maza, sai daga baya ya ji. Ya zo ya ce, "Mama, me ya faru?" Na ce, "Malam, gyara na yi. Kai ka cika sanyi, shi ya sa suke kawo maka tsafi har gaban Allah." Idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa na shiga mota ina jin na yi wa Ubangiji aiki.

Wayyo ni!

Bayan mako biyu labari ya zo cewa gidan Iya Tambai sun daina zuwa. Malam ya je ya je, tsohuwa ta gaishe shi da kyau amma ta ce ita an kore ta. Wasu a ƙauyen suka fara cewa addinin na 'yan birni ne masu takarda. Da aka karanta mana wasiƙarsa a zumunta aka ce a yi addu'a, har da ni a masu cewa amin da ƙarfi. Matan da muka je tare ba su tona ni ba, tsoron bakina suke ji. Ni ma ban tona kaina ba.

Amma gero ya ƙi shiga cikina. Kunun da nake damawa in sayar da ƙosai, ko ƙamshinsa na ji sai zuciyata ta tashi. Maigidana ya ce, "Saratu, ko asibiti za mu?" Na ce ciwon shawara ne kawai. Ƙarya nake yi, na san ciwona.

Wata uku ina haka. Wata rana da azahar ba ciniki, na buɗe Littafi ina bi da yatsa yadda na saba. Sai na ci karo da kalma biyu: nunan fari. Na sake karantawa a hankali. Ashe Allah da kansa ya umarci mutanensa su kawo masa farkon abin da gonarsu ta bayar. Tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba ta yi abin da ke rubuce, ni mai tabarau na kore ta!

A nan bayan kaskon suya na durƙusa. Na ce, "Ya Yesu, baikonka aka kawo, kyautar gona, na tsaya a ƙofa na mayar. Ka ba ni karatu, na mai da shi bulala. In tsohuwar nan ta koma wa Uwar Gona, a hannuna za ka nemi ranta. Ka gafarta mini." Maƙwabciyata Hajiya ta leƙo ta ce, "Maman yara, lafiya? Mutuwa aka yi?" Na ce, "Hajiya, laifi na yi wa wata tsohuwa." Ta ce, "To kuka a nan zai kai mata? Ki je mana."

Ina gode wa Ubangiji da bai bar ni na mutu da wannan taurin kai ba. Ke da kika san bakinki ya kori wani daga gidan Allah, kada ki jira wata uku irina. Ki dogara gare shi, zai ba ki ƙafar zuwa.

Washegari da sassafe ban hura wuta ba. Na ajiye tabarau da zanen zumunta, na shiga motar ƙauye. Na iske Iya Tambai tana ba awaki dusa. Na durƙusa a ƙasa na ce, "Iya, ni ce jahilar. Ki yafe mini."

Ta ajiye dusar. Sannan ta ce, "Tashi, kin ɓata zanenki." Ta kai ni bakin rumbu ta nuna mini dami guda a gefe, ɗaure yadda yake.

Ta ce, "Na riga na ba shi. Ban ci ba, ban kai ma waccan ba. Na ce in yana so zai aiko."

Na naɗa gammo na ce ta ɗora mini. Rabona da ɗaukar dami tun ina yarinya, wuyana har rawa yake. Ita a gaba da sandarta, ni a baya da geron, muka nufi gindin tsamiya.