Kankanar Falalu

Bayan la'asar, wasu dattawa biyu suka haɗu a teburin mai kankana a Nassarawa GRA.

"Alhaji, ya ibada?"

"Alhamdu lillahi, Malam. Gobe ma zan shiga i'itikafi. Goman ƙarshen nan, ba ni ba duniya."

"Madalla. Wa zai riƙa kai maka abin buɗa-baki?"

"Direba. Da ƙanena Falalu ne ke kaiwa, amma tun rabon gado ba ma ga maciji."

"Yana nesa ne?"

"Nan Badawa."

"Wato za ka je roƙon gafara, taka kuma ka ƙulle a aljihu?"

"Ba ka san abin da ya yi min ba."

"Ban sani ba kam. Amma Wanda za ka roƙa ya san naka duka."

Alhajin ya juya wajen mai kankana.

"Mai kankana, ƙaro ɗaya. Kada ka yanka. Falalu ya fi son ya yanka da kansa."