Tun da aka tafi da Luka Doma

Gaisuwa gare ki, 'yata mai gabatar da shiri, da duk masu saurare. Sunana Istifanus, tela ne ni a Lafia.

Shekara ashirin ina cikin mawaƙan cocinmu, kafaɗa da kafaɗa da abokina Luka. Ban iya karanta alamomin waƙa ba, muryarsa nake bi. In ya hau in hau, in ya sauka in sauka. Idan muka haɗa murya ranar Lahadi, har tsigar jikina tashi take.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka tafi da shi Doma. Tun daga nan nake ɓata a tsakiyar waƙa. Ran nan wajen koyo, shugaban mawaƙa ya ja ni gefe ya ce, "Baba, a ɗan rage murya, ana ruɗa sauran." Gaskiya ya faɗa. Yanzu baki kawai nake motsawa.

Matata ta rasu, gida shiru, can kaɗai nake shiga mutane. Jama'a, ku ba ni shawara: in mayar musu da rigar mawaƙa, ko in ci gaba da tsayawa a layin baya?