Lambar Malamar da Ta Ajiye Aiki

A ɗakin jira na asibiti, layin gwajin lafiyar masu fita ƙasar waje, wata dattijuwa ta daɗe tana satar kallon wayar saurayin da ke gefenta, har dai ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, wannan gini mai kyau fa?"

"Makarantar koyon harsuna ce, Mama. Can na samu aikin koyarwa."

"Ka bincike su kuwa?"

"Sosai. Duk wanda ya yi sharhi a shafinsu, yabonsu yake yi."

"Ɗalibai ko malamai?"

Ya sake duba wayar. "Ɗalibai."

"To kai karatu za ka je yi? Gurbin wa za ka cike?"

"Wata malama ce ta ajiye aikin ana tsakiyar zango. Har lambarta na samo."

"Me ta ce maka?"

"Ban kira ba tukuna."

"Kati ne babu? Ga wayata."

Ya yi dariyar yaƙe. "Mama, na riga na bar aikina na nan, mahaifiyata kuma ta gama sanar da dangi. In malamar ta ce wurin ba shi da kyau, ina zan sa kaina?"

Dattijuwar ta gyara zama. "Haka autata ta tafi, ba mu tambayi kowa ba. Kullum muka yi waya sai ta ce lafiya lau, amma ta daina yarda in ga fuskarta a bidiyo. Kana tsammanin yawon buɗe ido ne ya kawo ni layin nan?"

Saurayin ya sunkuyar da kai, ya shiga lalubo lambar.

"Ƙaro muryar yadda zan ji," in ji ta. "Ni ma ina da tambaya."