Yatsan da Fartanya Ta Goge

A kan bencin ofishin raba tallafin kuɗi, wani tsoho yana ta goga babban yatsansa a riga. Matashin da ke gefensa ya dube shi.

"Baba, lafiya?"

"Ina fa lafiya, ɗana. Sau nawa ina zuwa, injin ya ƙi karɓar yatsana. Wai zanen ya goge."

"Me ya goge shi?"

"Fartanya mana! Ma'aikacin ya ce in hutar da hannun wata guda, zanen zai dawo. Ana tsakiyar damina! Ciyawa za ta jira ni ne? Ga jikata kwance, ko maganin zazzaɓi babu."

"Ai sun ce tallafin ba shi da sharaɗi."

"Haka dai suka ce. Kai fa, ya karɓi naka?"

"Ɗorawa ɗaya."

"Mu ga hannun. Kai, sumul kamar na jariri! Ba ka noma ne?"

Matashin ya janye hannunsa.

"Da ina yi. Bara yunwa ta sa muka sayar da gonar."

"Allah sarki."

"Kwantar da hankalinka, Baba. Baɗi war haka kai ma injin zai gane ka."