Goɗiyar da Ta Ƙi Shiga Rami

A tashar bas ta Manchester, Ɗanjuma, ɗalibin tarihi, ya kashe waya ya ja dogon tsaki. Wata dattijuwa 'yar Gana da ke zaune gefensa ta juyo.

"Ɗana, wannan tsakin na Bahaushe ne. Lafiya?"

"Ina fa lafiya, Mama! Wata uku ya rage in miƙa bincikena kan wani ƙaramin garin haƙar kwal, Bessfield. Na je neman asalin sunansa, na tarar ƙaramar hukuma ta rufe laburaren garin tuntuni. Takardun tarihin garin ma ba wanda ya san inda suke."

"Bessfield? Ai Bess ɗin goɗiya ce."

"Goɗiya?"

"Ita ke jan keken kwal a ƙarƙashin ƙasa. Wata safiya ta toge a bakin rami. Aka yi lallashi, aka yi duka, ta ƙi. Ana cikin haka ramin ya rufta. Mutum arba'in da ke jiran ta shiga su bi ta suka tsira saboda taurin kanta, shi ya sa aka sa wa garin sunanta."

"A wane littafi kika karanta wannan?"

"Littafi? Shekara uku ina yi wa wani tsoho wanka a gidan tsofaffi a Birmingham. Shi ke kula da laburaren a da. Da za a rufe, ya kwashe takardun cikin akwati biyu. Suna ƙarƙashin gadonsa, sun hana ni shara."

Ɗanjuma ya sauke ajiyar zuciya. "Yana da rai?"

"Da rai, da surutu. Je ka canza tikitinka. Yau kai za ka saurari labarin Bess, kunnena ya huta."